Tsibiran Tafkin Chadi da Jiragen da Suka Shiga Cikinsu

Tsibiran Tafkin Chadi tuddan rairayi ne da ruwa ya shanye gindinsu ya bar kawunansu a waje. A gabas da arewa maso gabashin tafkin, ta wajen ƙasar Kanem, iska ta daɗe tana tara yashi jere-jere tun zamanin da wurin yake hamada tsantsa. Da ruwa ya dawo sai ya cika kwarin da ke tsakanin tudu da tudu. Shi ya sa tsibiran suke dogaye sirara, kusan duk sun miƙe waje guda, kamar kunyoyin gona. Yawansu ya kai ɗaruruwa, amma adadin bai taɓa zama daram ba, domin ƙarin kamu ɗaya na ruwa kan haɗiye tsibiri, raguwar kamu ɗaya kuma ta fito da wasu goma. Masunta suna kiran irin wannan tudu tumbu. Akwai kuma wani iri da ba shi da gindi ko kaɗan, tarin ciyawa ne da saiwoyinta suka sarƙe, yana yawo a kan ruwa duk inda iska ta kora shi. Ana ce masa kirta, kuma sau da yawa hanyar da mai jirgi ya bi da safe kan iske kirta ta toshe ta kafin la'asar.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin daga kudu yake zuwa, ta kogin Shari da reshensa Lagon. Ɗan abin da ke shigowa daga yamma kuwa kogin Yobe ne ke kawo shi, kuma tushen wannan kogi a ƙasar Hausa yake. Ruwan da ke bin magudanan noman rani a Kadawa da Garun Malam da Kura da Bunkure na kogin Kano ne, wanda ke haɗuwa da Challawa ya zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da ruwan Jama'are kusa da Gashuwa, sannan ya wuce Gaidam da Damasak da Difa ya faɗa tafkin tsakanin Boso da Malam Fatori. Babu kogin da ke fita daga tafkin, rana kuma tana shanye kimanin mita 2 na ruwansa kowace shekara. Duk da haka bai zama ruwan gishiri ba, domin wani kaso nasa yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa ya tafi da gishirin, ya je ya tsattsafo a kwarurrukan Kanem inda yake daskarewa ya zama kanwa.

Tuƙa jirgi a wannan yanki tsohuwar sana'a ce ƙwarai. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da katako a zurfin kimanin mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tono shi. Kwalekwale ne da aka sassaƙa daga gungumen itace guda, dangin maɗaci, tsawonsa ya ɗan haura mita 8, awon da aka yi masa kuma ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka. A zamanin da aka sassaƙa shi tafkin yana kan hanyar zama wani babban teku na cikin ƙasa, wanda a ganiyarsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000. Kyawun sassaƙar, musamman yadda aka fiƙe goshinsa da bayansa, ya nuna masu aikin sun gaji sana'ar ne daga waɗanda suka riga su.

Mutanen da tarihi ya sani a matsayin masu tsibiran su ne Yedina, waɗanda Barebari suka laƙaba wa suna Buduma, wato mutanen ciyawa. Harshensu ɗan'uwan na Kotoko ne, kuma yana cikin dangin harsunan Chadi da Hausa ma take ciki, ko da yake Bahaushe ba zai fahimci komai ba in sun yi magana. Jirgin da aka fi saninsu da shi ana kiransa kadai. Da wata doguwar ciyawar ruwa ake yin sa, dangin gwaigwaya, wadda Larabawa ke kira bardi: a sare ta, a shanya, a ɗaure dami-dami da igiyar kaba, a lanƙwasa goshin ya yi sama kamar ƙahon sa, a bar bayan a yanke. Ba ya nitsewa ko an huda shi, domin babu cikin da ruwa zai cika. Sai dai ciyawar kan jiƙe a hankali, bayan wasu watanni a yar a ɗaura sabo. Da gora ake tura shi, ba da filafili ba, saboda ruwan ba zurfi. A ƙarni na 19 suna kuma da manyan jiragen katako da ake ɗinke allunansu da igiya. Mutum ɗaya kuwa in zai haye daga tsibiri zuwa tsibiri, ba ya ma bukatar jirgi. Akwai wani itace da ke tsirowa cikin ruwan, busasshensa ya fi ɓawon kara sauƙin ɗauka; sai ya kwanta a kan gungumensa, ya ɗora tufafi da mashi a ka, ya yi iyo.

Dukiyar Yedina shanu ce kafin kifi. Shanun Kuri, waɗanda babu irinsu a ko'ina sai nan, farare ne manya marasa tozo, da ƙahoni masu kumburi kamar tulu. Ƙahon yana da ban tsoro a ido amma cikinsa sakayau ne. Shanun sun saba da iyo, garke guda kan faɗa ruwa ya nufi wani tsibirin neman ciyawa, makiyayi na biye. Ana yawan cewa ƙahonin ne ke hana su nitsewa, magana ce mai daɗin ji wadda ta fi yawa a bakin baƙi. Abin da ya tabbata shi ne irin yana raguwa, domin barbara da shanu masu tozo na bakin gaɓa tana cinye shi.

Abin da ya haɗa tsibiran da kasuwannin Hausa tun da daɗewa shi ne kanwa. Ana fasa ta falle-falle a kwarurrukan gabashin tafkin, Yedina su ɗora a jiragensu su haye da ita zuwa gaɓar Barno, fatake su ɗauka a jakuna da takarkarai zuwa Kano da gaba. Kanwar da ake kira ungurnu ta samo sunanta ne daga garin Ngurno na bakin tafkin, inda take bi. Mai doki da mai shanu da mai taba gari da uwargida mai dafa wake duk sun san ta, ko da ba su taɓa jin sunan Yedina ba. Hulɗar tsibiran da mutanen tudu ba ciniki kaɗai ba ce. Yedina sun yi suna wajen kai hari ƙauyukan gaɓa da dare, su kwashi mutane da dabbobi su koma cikin ciyawa, inda dawakin Shehun Barno ba su iya binsu. Daular da ta mallaki ƙasa daga Kanem har iyakar Hausa ba ta taɓa mallakar tsibiran da ke kwana ɗaya daga babban birninta ba.

Turawan farko da suka ga tafkin su ne Dixon Denham da Hugh Clapperton da Walter Oudney, waɗanda suka tsallako Sahara daga Tarabulus suka hango ruwan ranar 4 ga Fabrairu 1823, kafin su isa Kukawa wurin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi. Denham ya yi mamakin tsuntsayen bakin ruwan, kwasakwasa da gauraka da agwagi iri-iri, waɗanda ba su ko tashi da ya matso kusa da su. Ya raɗa wa tafkin sunan Waterloo, sunan da bai bi shi ko da kwana ɗaya ba. Ya zaga gaɓar yamma da ta kudu a kan doki, ya ga bakin Shari, amma tsibiran sai labari ya ji, kuma daga bakin waɗanda ke tsoron masu su. Clapperton ya nufi Kano da Sakkwato, Oudney ya rasu a hanya kusa da Katagum a Janairun 1824.

Darasin da gwamnatin Ingila ta ɗauka shi ne, wanda zai shiga tafkin sai ya zo da jirginsa. Ayarin da ya tashi daga Tarabulus a Maris 1850, na James Richardson da Jamusawa biyu, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da Adolf Overweg, ya taho da jirgin katako da aka ƙera a tsibirin Malta. An raba shi gida huɗu aka ɗora wa raƙuma, aka bi da shi ta Murzuk da Gat da duwatsun Abzin. Ayarin ya sha hari da karɓar fansa a hanya, kuma ba wuya a gane abin da Buzaye suka ɗauki mutanen da ke jan jirgin ruwa a tsakiyar hamada. A Damargu matafiyan uku suka rabu. Barth ya bi ta Katsina da Kano, Overweg ya bi ta Tasawa da Gobir da Maraɗi, Richardson kuma ya rasu a Ngurutuwa a Maris 1851 kafin ya kai Kukawa. A zamanin Shehu Umar ne aka harhaɗa jirgin a bakin tafkin, aka sa masa sunan Lord Palmerston, ministan harkokin wajen Ingila na lokacin.

Daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Agusta 1851 Overweg ya yi ta yawo cikin tsibiran. Mutanen da aka yi ta ba shi tsoronsu sun karɓe shi hannu biyu, suka shiga da shi garuruwansu, ya ga shanunsu da awakinsu da gonakinsu, ya auna zurfin ruwa ya iske bai kai yadda ake zato ba. Shi ne Bature na farko da ya tuƙa jirgi a tafkin, kuma shekaru da yawa suka wuce kafin wani ya maimaita. Sai dai amfanin tafiyar bai kai wahalarta ba. Overweg ba mai son zama ya gyara rubutu ba ne. Abin da ya bari guntayen bayanai ne da fensir, waɗanda da ƙyar aka karanta wasu a Turai. Zazzaɓi ya kama shi bayan ya jiƙe wajen farautar tsuntsayen ruwa, ya rasu a ƙauyen Maduwari ranar 27 ga Satumba 1852 yana da shekara 30, aka binne shi kusa da inda jirginsa yake.

Gadon da ya bari wanda ya fi taswirarsa daɗewa na Hausa ne. Ya 'yanta yara biyu bayi, Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega, Bamargi. Bayan rasuwarsa suka koma hannun Barth, suka bi shi har Tambutu, sannan Ingila a 1855. Daga bakin Dorugu ne J. F. Schön ya rubuta labarai da tarihin rayuwa da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano, yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, ya rasu a 1912.

Jiragen da suka biyo baya na ƙarfe ne, kuma tuta suka zo kafawa. Bafaranshe Émile Gentil ya sa an ɗauko wani ƙaramin jirgi mai tururi, Léon Blot, gunduwa-gunduwa a kan 'yan dako daga kogin Ubangi zuwa ruwan da ke gangarawa Shari. Ya shiga tafkin a farkon Nuwamba 1897, ya yi kwanaki kaɗan ya juya, domin Rabe, mai mulkin Barno a lokacin, yana Dikwa da rundunarsa. Bayan kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900, Ingila da Faransa da Jamus, waɗanda tun kafin nan suka raba tafkin a takarda, kowa ya kama rabonsa. A 1903 Eugène Lenfant ya gwada wata hanyar, ya hau Kwara da Binuwai da Mayo Kebbi, ya ratsa fadamar Tuburi ya faɗa Lagon, don ya nuna ana iya kai kaya Chadi daga teku ta ruwa. An iya, amma sai da aka sauke jirgin aka ɗauke shi a ka a wurin da ruwa ke zubowa daga dutse.

Wanda ya zo musamman don halittun tafkin shi ne Boyd Alexander, hafsan sojan Ingila mai nazarin tsuntsaye. Ya fara wannan aiki ne a tsibiran teku. A 1897 ya je tsibiran Cape Verde, waɗanda ke cikin Atlantika yamma da Senegal, busassu kamar an yanko Sahara an jefa a ruwa, yana bi daga wannan zuwa wancan a ƙananan jiragen masunta. A wani ɗan tsibiri mai suna Raso, wanda bai wuce murabba'in kilomita 7 ba, ba mutum ba rijiya, ya samu wani ƙaramin tsuntsu mai launin ƙasa da tukku, ya bayyana shi ga masana a 1898. A lokacin babu inda tsuntsun yake a duniya sai wannan tsibiri, kuma yawansa yana bin ruwan sama: a shekarun fari ya taɓa komawa ƙasa da 100. A can ne kuma Alexander ya ɗauki wani yaro, José Lopes, wanda ya zama mai harbo masa tsuntsaye da gyara fatunsu har ƙarshen rayuwarsa.

A 1904 Alexander ya iso Najeriya tare da ƙanensa Claud, da Kyaftin G. B. Gosling, da mai safiyo P. A. Talbot, da Lopes, da jirage biyu na ƙarfe masu tsawon ƙafa 26 waɗanda ake kwancewa a ɗaura. Suka hau Binuwai da Gongola, aka ɗauki jiragen a ka zuwa ruwan Yobe, aka gangara da su tafkin. Claud ya rasu a Maifoni, wato Maiduguri ta yau, a Nuwamba na shekarar. Tafkin da Alexander ya tarar ba shi ne wanda Overweg ya tuƙa ba. Ruwa ya ja baya, a wurare da yawa bai kai gwiwa ba, ƙarƙashinsa kuma laka ce mai haɗiye mutum har ƙugu. In iskar hunturu ta taso sai ta kore ruwan gefe guda ta bar jirgi a kan taɓo. Ma'aikatansa, waɗanda littattafai ba su cika ambaton sunayensu ba, su suka yi makonni suna sare ciyawa da adda suna jan jirgin ƙarfe da hannu, sauro na cinsu dare da rana. Yedina kuwa da sun hango su sai su ɓace cikin ciyawa ta hanyoyin da baƙo ba ya gani. Watanni ya yi yana neman mafita zuwa bakin Shari, bai samu ba sai a tsakiyar 1905, bayan ya sami amincewar wasu daga cikin masu tsibiran. Taswirarsa ta nuna tafki biyu da fadama a tsakani. Gosling ya rasu a Kwango a 1906, Alexander ya kai kogin Nilu a ƙarshen shekarar, ya wallafa labarin tafiyar a 1907. Ya dawo yankin, aka kashe shi kusa da Abeshe a ƙasar Wadai ranar 2 ga Afrilu 1910, aka kawo gawarsa Maifoni kusa da ta ƙanensa.

Saɓanin da ke tsakanin taswirorin matafiya ya sa wasu a Turai zargin cewa wani ya yi ƙarya. Jean Tilho, hafsan Faransa da ya jagoranci ɓangaren ƙasarsa a aikin shata iyaka daga Kwara zuwa Chadi tsakanin 1906 da 1909, shi ya warware zancen da awo. A idonsa kwarin arewa na tafkin ya bushe har ana ratsa shi da raƙumi. Daga baya ya kasa yanayin tafkin gida uku: ƙaramin Chadi, matsakaici, da babba, kuma ya nuna tafkin yana sauyawa daga wannan zuwa wancan gwargwadon damunar ƙasashen kudu. Kowane matafiyi gaskiya ya faɗa game da tafkin shekarar da ya zo. Har yau masana da wannan rabe-rabe na Tilho suke aiki.

Abin da waɗannan tafiye-tafiye da binciken da ya biyo bayansu suka tattara game da halittu yana da yawa. Akwai dorina da kada da karen ruwa, akwai giwaye da ke saukowa gaɓa da rani, akwai wata irin mazo ta fadama mai dogayen kofatai da ke baje mata a kan laka, wadda in ta ji tsoro takan nitse ta bar hanci kaɗai a waje. Kifi ya haura iri 120: giwan ruwa, yauni, tsage, kawara, ƙurungu, bargi, karfasa, tarwaɗa, da gaiwa mai kwana cikin busasshiyar laka har ruwa ya dawo. Abin lura shi ne kusan dukansu ana samunsu a Nilu ko Kwara. Tsibiran teku irin su Raso sukan haifar da halittar da babu ita a wani wuri, saboda daɗewar kaɗaici. Tafkin Chadi bai samu wannan ba, domin ya sha bushewa da cikowa, kuma a zamanin yalwa ruwansa ya sha haɗuwa da na maƙwabta.

Ta fuskar tsuntsaye ne tafkin ya fi ɗaukar hankalin duniya. Ban da na gida, irin su zalɓe da balbela da kirinjijiya da ɗinya da borin-tunke, nan ne zango na farko mai ruwa ga tsuntsayen da suka tsallako Sahara daga Turai da Rasha da kaka, kuma zango na ƙarshe in za su koma. An taɓa ƙiyasta fiye da miliyan ɗaya na wani tsuntsun bakin ruwa mai dogayen ƙafafu a lokaci guda. A 1967 wata tawagar masana daga Ingila ta zauna a Malam Fatori tana kama ƙananan tsuntsaye da raga tana auna nauyinsu. Ta gano cewa kafin su tashi sukan yi makonni suna cin 'ya'yan itacen asuwaki da ƙananan ƙwarin da ke tasowa daga ruwa kamar hayaƙi, har su tara kitsen da zai kai su ƙetaren hamada ba ci ba sha. Jan-baki ma, wanda manomin shinkafa a Kura ba ya bukatar a kwatanta masa shi, yana da manyan wuraren hayayyafa a wannan kwari.

Jirgin ciyawar Yedina ya taɓa fita duniya sau ɗaya. A 1969 Thor Heyerdahl, ɗan ƙasar Norway, yana son ya nuna cewa mutanen da za su iya haye Atlantika a jirgin bardi, sai ya je garin Bol ya ɗauko maƙera jirgi. Suka ɗaura masa jirgin Ra a gindin dalar Giza ta Masar da ciyawar da aka kawo daga tafkin Tana na Habasha. Ɗaya daga cikin mutanen Chadin, Abdullahi Jibrin, ya shiga cikin matuƙan. Jirgin ya tashi daga Safi ta Maroko ya yi tafiyar kusan kilomita 5,000 kafin bayansa ya nitse a bar shi. Maƙeran ba su saba yi wa jirgi wutsiya mai lanƙwasa ba, an sa su ne suka ƙara ta don ya yi kama da zanen Misirawa, kuma ta nan matsalar ta fara.

A daidai wannan zamani kadai ya fara ɓacewa a gida. Tafkin ya cika a farkon shekarun 1960, ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Ragar nailan ta shigo, hanyar mota ta kai Baga, jirgin katako mai inji ya maye gurbin na ciyawa. Masunta suka kwararo daga Kabi da Sakkwato da Haɗeja da Binuwai, har da Mali. Banda, wato kifin da aka yanka gunduwa aka ƙyafe, ta riƙa fita lodi-lodi daga Doron Baga zuwa Maiduguri da Kano da Onica. Fari na 1973 ya raba tafkin gida biyu kamar yadda Alexander ya gan shi. Da farko abin ya zama garaɓasa, domin kifi ya taru a ɗan ruwan da ya rage, kamun 1974 ya haura tan 200,000. Bayan nan kifayen sararin ruwa irin su giwan ruwa da kawara suka yi ƙaranci, tarwaɗa da karfasa da bargi masu jure fadama suka mamaye. A tsakiyar shekarun 1980 sararin ruwan bai wuce murabba'in kilomita 2,000 ba. Kayan kamu ma suka sauya: guran Mali da dumba, wato jeren gura da ake tare mashigar ruwa da shi, suka yaɗu. Sababbin tuddan da suka fito suka zama garuruwa, sunayensu kuma suna faɗin waɗanda suka kafa su: Daban Masara, Kwatan Dawashi, Tumbun Gini. Hausa ta zama harshen ciniki a yawancin kwatocin tafkin, wanda ya zo kamun kifi kuma ya koma shuka masara da wake a ƙasan da ruwa ya janye.

Shekarun farin su ne kuma shekarun manyan ayyukan ruwa. An kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Baƙo, don ta ciyar da shirin noman rani na kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000. Madatsar Challawa ta biyo baya a 1992. Tumatir da alkama da shinkafar da suka sauya rayuwar Garun Malam da Kura daga nan suka fito. Akan ɗora wa waɗannan madatsu laifin ƙafewar tafkin, amma lissafi bai goyi bayan haka ba, tunda abin da Yobe ke kaiwa ko a shekarun yalwa kaso ne ƙanƙane. Ƙarancin ruwan sama a kwarin Shari shi ne babban dalili. Inda tasirinsu ya bayyana sosai shi ne fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliyar damina ta ragu musu, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa, da kuma ƙasan Yobe, wanda shi kaɗai ne kogin da ke shiga kwarin arewa. A bakin tafkin kansa an yi shirin noman rani na Kudancin Chadi a Marte, mai hekta 67,000 a takarda, aka buɗe shi a 1979. Cikin 'yan shekaru ruwa ya janye ya bar bakin magudanarsa a kan busasshiyar ƙasa.

Tsibirin da ke fitowa ya ɓace yana da wuyar shata wa iyaka. Ƙasashe huɗun da ke kewaye da tafkin sun kafa Hukumar Tafkin Chadi ranar 22 ga Mayu 1964 a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, amma hakan bai hana sojojin Najeriya da na Chadi gwabzawa a kan wasu tsibirai a 1983 ba. Masuntan Najeriya da suka bi ruwa yana ja da baya sun kafa Darak da ƙauyukan kewayenta, Kotun Duniya kuma ta yanke ranar 10 ga Oktoba 2002 cewa ƙasar Kamaru ce, aka miƙa su a Disamba 2003. Ciyawar da ta ɓoye Yedina daga dawakin Shehu ita ce ta ɓoye mayaƙan Boko Haram bayan harin Baga na Janairu 2015. A watan Mayu na shekarar gwamnatin Nijar ta kwashe mazauna tsibiran ɓangarenta bayan harin da aka kai tsibirin Karamga, aka hana kamun kifi da cinikinsa na wani lokaci a wurare da dama. Ruwan kansa ya daina raguwa tun shekarun 1990, ya kuma ƙaru sosai da ambaliyar 2022 da ta 2024, sai dai mafi yawansa yana ƙarƙashin ciyawa. Ƙidayar tsuntsaye da dorina a cikin tsibiran ta tsaya a yawancin wurare, awon faɗin ruwan kuma yanzu daga hotunan tauraron ɗan'adam ake yin sa.